Yadda ake ban ruwan fulawar kana daga damina har bazara

Fulawar kana ita ce mai faffaɗan ganyen nan kamar na ƙaramar ayaba, wadda ke fitar da fure ja, ko rawaya, ko ruwan goro, wani ma rawaya da ɗige-ɗigen ja. Wasu na ce mata gwangwama. An fi ganinta a gaban ofisoshi da makarantu cikin birni, shi ya sa mutane ke ɗauka shuka ce ta masu famfo. Ni kuwa shekara takwas ke nan ina riƙe da ita a ƙauyenmu a ƙasar Ringim, da ruwan rijiya da guga, kuma daga Yuli har Disamba da wuya ka shigo gidanmu ba ka tarar da fure a kanta ba.

Asalinta daga ƙasashen zafi na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take, inda danshi ya wadata. Abin da ya kamata ka sani game da jikinta ɗaya ne. A ƙarƙashin ƙasa tana da saiwa mai kauri da ke kwance kamar ɗanyar citta, mu a gida "cittar" kawai muke ce mata. A cikinta take tara abinci, kuma daga idanunta sabbin karare ke fitowa. Ganyen nan mai faɗi shi ke shan ruwa, yana zuƙowa daga ƙasa yana saki a iska. Idan ganye ya yi yawa kuma rana ta yi zafi, ko nawa ka zuba za ta shanye. Idan kuwa babu ganye, ko gari ya yi sanyi, ruwan sai ya zauna a jikin cittar ya ruɓar da ita. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya rataya.

KAYAN DA ZA KA TANADA

- Cittar kana, gutsure mai tauri da ido 2 ko 3. Roƙa a wajen wanda tasa ta yi yawa, ko ka saya a wajen masu sayar da fulawa a bakin titi a Kano ko Dutse. Kada ka karɓi mai laushi ko mai wari.
- Fartanya, da ƙaramar wuƙa mai kaifi.
- Bokiti mai cin lita 10. Da shi zan riƙa yin awo. Idan jarka mai lita 25 kake da ita, bokiti biyu da rabi ke nan.
- Gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, don zuba wa ƙanana.
- Ruɓaɓɓen takin gargajiya, na awaki ko na shanu, wanda ya shekara ko ya yi aƙalla wata uku a jibge.
- Abin rufe ƙasa: buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa.
- Tsohon tulu ko ƙaramar tukunyar ƙasa da ba a shafe ta da siminti ko fenti ba, tare da murfi.
- Ƙaya, kara ko tsohuwar zana don shinge.

1. ZAƁI WURI DA RUWA A ZUCIYARKA

Kana tana son rana ta awa 6 ko fiye a wuni. A inuwa ganye kawai za ta yi ta yi, fure sai nadiran. Amma ranarmu ta Afrilu ba wasa ba ce, don haka wuri mafi kyau shi ne inda rana ke bugawa daga safe zuwa azahar, sannan katanga ko ɗaki ya yi mata inuwa da yamma. Gabashin ɗaki ke nan. In ka samu inda katanga ke tare iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, ka haɗa riba biyu, don iskar nan tana yayyaga ganyen.

Sannan ka duba nisan wurin da ruwa. Shukar da sai ka yi taku hamsin da bokiti kafin ka kai gare ta, a watan Maris za ka fara yi mata fashi. Tawa tana gefen dutsen da muke alwala a kai, taku uku. Ruwan alwalar mutum shida sau biyar a wuni ba ƙaramin ruwa ba ne, kuma da can a banza yake bin rariya. Amma ka bar kamu biyu tsakaninta da ginin ƙasa, kar danshi ya ci gindin katanga. Kada kuma ka sa ta daidai bakin indararo, ƙarfin ruwan zai tone cittar.

2. GYARA ƘASA DA GURBI

Tona rami mai zurfin kamu ɗaya da faɗin kamu ɗaya, wato kamar santimita 45. Ka haɗa ƙasar da ka fitar da taki, kashi biyu ƙasa kashi ɗaya taki, ka mayar.

Idan ƙasarka jigawa ce irin tamu, mai yashi, wadda ruwa ke wucewa kamar an zuba a rariya, ƙara taki har ya kusa rabi, in da hali ka ɗebo laka daga fadama kwano biyu ko uku ka cakuɗa. Sai ka bar saman ramin ya ɗan faɗa ƙasa kamar yatsu uku, ka kewaye shi da ƙasa ya zama kamar akushi, don ruwa ya tsaya a gindi. Idan kuwa ƙasarka laka ce mai riƙe ruwa, irin ta wasu wurare a Kura ko fadamun Haɗejia, akasin haka za ka yi: ƙara yashi, ka ɗaga wurin ya zama 'yar kunya.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne zuba ɗanyen kashin kaji. Yana da zafi, yana ƙone sabuwar saiwa.

3. DASAWA DA RUWAN FARKO

Lokaci mafi sauƙi shi ne ƙarshen Mayu zuwa Yuni, idan ruwa ya fara sauka. Kwantar da cittar a kwance, idanun na kallon sama, ka rufe da ƙasa mai kaurin yatsu huɗu zuwa biyar, santimita 8 zuwa 10. Tsakanin wannan da waccan kamu ɗaya ko fiye kaɗan.

Zuba rabin bokiti a hankali ƙasar ta zauna. Daga nan ka ɗaga hannu. Kada ka sake zubawa sai saman ƙasar ya bushe. Nan ne na yi ɓarnata ta farko. Gutsure huɗu aka ba ni, ɗoki ya sa nake zuba musu bokiti safe da yamma, ga kuma ruwan sama. Mako uku shiru. Da na tona sai na tarar uku sun zama kamar dafaffen dankalin da ya kwana, in ka matsa ruwa mai wari ya fito. Inna na zaune a kan tabarma tana tsince wake, ta ce, "Kai ɗan nan, abin da bai buɗe baki ba kake yi wa ɗura?" Guda ɗayan da ya tsira shi ne kakan duk wadda ke gidan yau.

Cikin mako 2 zuwa 3 za ka ga tsiro ya ɓullo a nannaɗe kamar tabarma. Idan ganye biyu sun buɗe, fara ƙara ruwa. Fure kuwa sai wajen wata biyu da rabi zuwa uku.

4. KOYI AWO DA YATSA, DA YADDA AKE ZUBAWA

Kafin ka ɗauki bokiti, cusa ɗan alinka cikin ƙasa a gefen gindin har gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi kuma ƙasa ta manne a yatsan, bar ta. In ya fito fes da ƙura, zuba. Adadin da zan ba ka a ƙasa na ƙasar gidanmu ne, taka za ta iya bambanta, yatsan ne zai raba gardama.

A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kuma a hankali: rabin bokiti, ka jira ya nutse, sannan sauran. Ruwa mai yawa sau ɗaya ya fi yayyafi sau uku. Yayyafi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, sai saiwoyin su taso sama neman sa, rana ta gasa su.

5. DAMINA: YUNI ZUWA SATUMBA

A nan Allah ne ke ban ruwan, aikinka sa ido. Farkon damina yakan zo da fashi, a yi ruwa yau a ɗauke kwana goma. Idan an kwana huɗu ko biyar babu ruwa kuma yatsa ya fito a bushe, ba kowane gindi bokiti ɗaya.

A watan Agusta, lokacin marka, matsalar takan juya. Kana da ta girma ta cika da ganye tana jure jiƙaƙƙiyar ƙasa sosai, har a bakin kududdufi takan rayu. Wadda ba ta jurewa ita ce sabuwar dasawa. Don haka ka fasa bakin akushin nan da ka yi, ka ja 'yar hanya da fartanya ruwa ya wuce. Kwantaccen ruwa a tsakar gida sauro yake haifarwa. Ka kuma janye abin rufe ƙasa daga jikin karan.

Ruwan sama yana wanke taki, kana kuwa acici ce. Sau ɗaya a wata ka barbaɗa ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu a kewayen gindi. In kamfa kake da shi, wato NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo biyu ya isa gindi ɗaya, nesa da kara kamar taƙi guda, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kada ka cika mata yuriya, ganye za ta yi ta tulawa ta manta da fure.

Abu biyu ke zuwa da danshi. Akwai tsatsa, ɗige-ɗige masu launin ruwan goro a bayan ganye da ke gogewa a yatsa kamar gari. Yanke ganyen ka ƙone, ka rage cunkoso iska ta ratsa. Akwai kuma tsutsar da ke naɗe ganye ta ɗinke shi da zare ta zauna a ciki tana ci. Warware ganyen da hannu ka jefa wa kaji ita.

6. KAKA: OKTOBA DA NUWAMBA

Wannan ne lokacin da aka fi yin sakaci. Kowa na gona, ana yankan gero da dawa, ana roron wake, gari kuma har yanzu kore ne, sai a ɗauka ƙasa na da ruwa. Alhali zafin Oktoba yana da ƙarfi, kuma kana tana kan ganiyar furenta da ganye mafi yawa a shekara. Da zarar ruwa ya ɗauke da mako guda, koma bokiti ɗaya kowane kwana biyu. Gyara bakin akushin da ka fasa. Yanzu ne kuma buntu da ɓawon gyaɗa suke a wadace, ka tara buhu biyu ka ajiye saboda bazara, ka shimfiɗa kaurin yatsu uku a gindin.

Furen da ya yi yaushi ka tsinke shi. In ka bar shi zai yi 'ya'ya, ƙwallaye baƙaƙe masu taurin tsiya da yara ke zubawa a gwangwani suna kaɗawa, kuma yin su yana cin ƙarfin shukar. Lura dai: kara ɗaya yakan fitar da zangarniyar fure biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, ta biyun tana ɓoye ƙasa kaɗan da ta farko. Kada ka sare karan sai ka tabbata ya gama. In ya gama, sare shi daga ƙasa, don ba zai sake fure ba, ruwa kawai zai riƙa sha.

7. HUNTURU: DISAMBA ZUWA FABRAIRU

Iska a bushe, dare da sanyi, girma ya ragu. Gefen ganye zai bushe ya yi ruwan ƙasa, ƙura ta lulluɓe shi, mai shuka ya tsorata ya yi ta antaya ruwa. Yawanci iska ce ta ƙone gefen, ƙasar kuwa da sauran danshinta. Bokiti ɗaya kowane kwana uku yana isar tawa. Da hantsi nake zubawa, idan rana ta ɗan ɗaga, ba da daddare ba, kar cittar ta kwana cikin ruwan sanyi. Sau ɗaya a mako ka watsa wa ganyen ruwa da safe ka wanke ƙurar. Taki kuwa ka dakata da shi.

Za ka gani a intanet ana cewa a tone cittar a ajiye ta a ɗaki lokacin sanyi. Wannan na mutanen Ingila ne da arewacin Amurka, inda ƙasa ke daskarewa. Mu sanyinmu bai kai nan ba, bar ta a inda take.

Shinge ya zama dole daga yanzu. An saki dabbobi, kore ya ƙare a gari, akuya kuwa ba ta da kunya. Kaji ma za su zo tonon danshi su kwanta a ciki. Ƙaya a kwance a kan abin rufe ƙasa tana hana su.

8. BAZARA: MARIS ZUWA MAYU

Ga inda ake gane mai shuka. Zafi na haura digiri 40, rijiya ta ja baya, layi ya yi tsawo a famfon tuƙa-tuƙa, wata shekarar ma azumi ya faɗo a ciki. Tun farkon Maris ka yanke shawara, hanya biyu ce.

Hanya ta farko, in kana da ruwa: bokiti ɗaya kullum ga kowane babban gindi, bayan sallar asuba kafin rana ta fito. A kwanakin da zafi ya tsananta, ƙara rabin bokiti bayan la'asar sakaliya. Kada ka zuba da tsakar rana, iska za ta kwashe wani kasonsa. Kada kuma ka zuba ruwan jarkar da ta wuni a rana, taɓa shi ka ji, wani har ya isa wanka. Ajiye jarkar a inuwa ko ka juye a randa ya huce. Abin rufe ƙasa ya kai kaurin yatsu huɗu, amma ka riƙa ɗaga shi duk mako kana dubawa, don gara na son busasshen abu a kan danshi. In ka ganta, kwashe, ka barbaɗa toka kaɗan, ka sa sabo.

Ga dabarar da ta fi taimakona. Binne tulu a gefen gindin har wuya, nesa da kara kamar taƙi ɗaya, ka cika shi da ruwa ka rufe. Jikin tulu yana tsatstsafo da ruwa a hankali, yadda randa ke gumi, saiwoyi su zo su kewaye shi suna sha. Tulu mai cin bokiti ɗaya yakan kai min kwana uku zuwa huɗu, kuma ruwan da nake kashewa ya ragu ƙwarai. Murfin kada ya ɓace, saboda sauro da kwaɗi. Idan tulun ya tsage kaɗan ma ya yi. In babu tulu, samo robar ruwa babba, ka huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu a gindinta da allura mai zafi, ka binne. Ba ta kai tulu ba, tana saurin ƙarewa kuma ƙofofin na toshewa, amma ta fi babu.

Hanya ta biyu, in ruwan sha ma da ƙyar ake samu: kwantar da ita. Sare duk kararen ka bar tsawon taƙi ɗaya, rufe wurin da ciyawa mai kauri, ka kafa 'yar zana ta yi inuwa, ka ba ta rabin bokiti sau ɗaya a mako don kar cittar ta ƙafe. Tunda babu ganye, ba ta bukatar fiye da haka. Ruwan farko na sauka za ta farfaɗo. Abin da ba ya yi shi ne tsaka-tsaki, a bar mata ganye duka ana ba ta kofi ɗaya kullum.

Da azahar a bazara ganye yakan lanƙwashe ko da ƙasa na da ruwa. Kada ka ruga da bokiti. Duba ta da magariba: in ta miƙe, lafiyarta ƙalau. In ta kwana a lanƙwashe, ƙishi ne na gaske.

Gargaɗi: gindin kana shi ne wuri mafi sanyi a gidan a wannan lokaci, kunama da maciji sun san haka. Kada ka cusa hannu cikin duhunta ba ka fara buga sanda ba, musamman da asuba.

9. WANE RUWA YA DACE

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, gero ko kayan miya, da ruwan ɗauraya na ƙarshe, duk suna da kyau. Ruwan wanka mai ɗan sabulu kaɗan tana jurewa, in kana haɗawa da ruwa mai kyau jefi-jefi. Wanda za ka guje wa shi ne ruwan wanki mai kumfar omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Idan rijiyarku mai zartsi ce, za ka ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa, bakin ganye na ƙonewa. Kankare farin, sannan sau ɗaya a wata ka zuba bokiti uku a jere ya tura gishirin ƙasa.

10. IDAN A MAZUBI TAKE

Wanda ba shi da fili zai iya sa ta a tsohon bokitin fenti mai lita 20 ko rabin jarka, da ƙofofi biyar ko shida a gindi. Ƙasar mazubi kaɗan ce, tana saurin bushewa: a bazara safe da yamma, har sai ruwa ya ɗigo ta ƙasa, a hunturu kowane kwana biyu. Baƙar roba tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa, naɗe ta da tsohon buhun algarara ka riƙa jiƙa shi. Idan ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin mazubin, ruwa ta gefe zai riƙa zurarewa. Tsoma mazubin cikin baho mai ruwa na rabin awa.

11. ABIN DA RUWA BA YA MAGANI, DA RABA GINDI

Ganyen ƙasa ya yi rawaya, kara ya yi laushi, ka ja ya taho da wari: ruwa ya yi yawa. Tone cittar, yanke ruɓaɓɓen har ka kai fari mai tauri, shafa toka a wurin yankan, bar ta a inuwa kwana ɗaya, ka sake dasawa a wuri mai tudu. Ganye ya fito da zane-zanen rawaya a tsaye, ya murɗe, shukar ta tsumbure duk da ruwa da taki: wannan cuta ce da ke cikin jikinta, ba ta warkewa. Tumɓuke gindin ka ƙone, ka wanke wuƙar kafin ka taɓa sauran. Amma ka sani akwai irin da ganyensa dama mai ratsi-ratsi ne, nasa a tsare yake kuma shukar na girma lafiya.

Bayan shekara 2 ko 3 za ka ga kana zuba ruwa kamar da, amma kararen sun sirance, fure ya ragu. Cittar ce ta cunkushe, ta hau kan juna har ta leƙo waje. A ƙarshen Mayu, jiƙa wurin tun daren jiya, ka tone gindin gaba ɗaya da fartanya daga nesa. Yar da tsofaffin da suka yi baƙi suka zama fanko, ka yanyanka masu ƙarfin kowane da ido 2 ko 3, ka shafa musu toka su sha iska a inuwa kwana ɗaya. Sabunta takin ramin, ka mayar da uku ko huɗu, sauran ka raba wa maƙwabta. In ka miƙa wa mutum, gaya masa rabin bokiti ne ranar farko, kar ya ƙara sai saman ƙasar ya bushe.